Dogon Turanci da Katako Biyu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a Agege na manta da su, har da sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya a makaranta, amma safiyar da na buɗe baki a gaban dattawan lungunmu ba tare da kowa ya ba ni izini ba, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, ban yi aure ba, kuma idan da wani ya ce wata rana ni za a saurara a kan maganar Turanci, da na yi masa dariya, don sau biyu ina faɗuwa Turanci a jarrabawar gama sakandare.

A Agege aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo fataucin goro daga Arewa ya ga wuri ya zauna. Lungunmu gida goma sha ɗaya ne da ɗan masallaci, kuma ƙofa ɗaya gare shi. Ta baya katangar layin dogo ta toshe shi, ta gaba ya buɗe kan babban titi. To, a shekarar da nake ba ku labari, wani kamfani ya samu aikin gyaran titin nan. Mun yi murna ƙwarai, don duk damina sai ruwa ya shigo mana har ɗaki. Suka haƙa lambatu mai faɗi, zurfinsa ya fi tsayin namiji, suka zuba masa kankare. Gaban gidan mai da manyan shaguna suka ɗora murafen kankare, mota na shiga tana fita. Mu da aka zo bakin lungunmu sai aka wuce kamar ba mutane a ciki. Wani leburan kamfanin ne ya ji tausayinmu ya ajiye mana katako biyu, a kansu muke tsallakawa.

Mu masu ƙafa ba mu damu sosai ba, yara ma wasa suka mayar da abin. Wadda abin ya ci ita ce kakata, mahaifiyar babana, da muke kira Hajiya. Tana da ciwon suga, ga wani miki da ya fito mata a babban yatsan ƙafar dama ya ƙi warkewa, duk mako sai an kai ta asibiti an wanke. Da can keke mai ƙafa uku ke zuwa har ƙofar gida ya ɗauke ta. Da aka haƙa lambatu sai ya zama dole yayana ya goya ta ya tsallaka katako da ita, ga tashar danfo, motocin hayar Legas, a daidai wurin, idon duniya a kanta. An yi haka sau uku. A na ukun katakon ya yi lilo, zaninta ya yaye, wani kwandasta ya saki wata magana da Yarbanci mutane suka kwashe da dariya. Hajiya ta fi kwandastan nan jin Yarbanci. Matar da ta yi shekara arba'in tana sayar da tuwo a bakin titin nan, direbobi na rusuna mata, ta dawo gida ta shige ɗakinta ta saki labule. Washegari ta ce ta gama hawa bayan mutum, in mutuwa ce ta same ta a kan gadonta da mutuncinta. Babana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo liman, duk a banza. Sai wani mai kemis a lungun yake zuwa yana ɗan wanke mata a gida.

Dattawa suka zauna suka ce a rubuta wa kamfani takarda. A lungunmu in an ce takarda, an ce Baba Akawu. Tsoho ne dogo, mai tsafta, ya yi shekara talatin yana aikin akawu a wani ofishi a Tsibirin Legas, har ya yi ritaya bai daina saka biro uku a aljihun gaba ba. Mutumin kirki ne, wannan ba zan rage masa ba, bai taɓa karɓar ko kwabo a kan rubutu ba. Amma yana da dokoki a kan Turanci waɗanda duk muka ɗauka kamar saukakku. Wasiƙar da ba ta kai shafi uku ba raini ce. Ba a ce wa babban mutum "muna so", rashin kunya ne. Kalmar da ɗan firamare ya sani ba ta shiga takardar manya, in ba haka ba za su ɗauka jahilai ne suka rubuto.

Yadda ake yi, in ya gama rubutawa sai a taru bayan sallar La'asar a kan tabarma a ƙofar masallaci, ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi. Mu mata muna laɓe a bakin ƙofofi muna ji. Babana ne ma'auni, don shi ya gama sakandare. In aka ga yana gyaɗa kai alamar yana fahimta, sai ran dattawa ya ɗan ɓaci, wato Turancin bai nuna ba. In kuwa aka kai ƙarshe shi ma ya yi zuru, sai fuskoki su washe, a ce to madalla, wannan in ta shiga ofis sai an tashi tsaye. Yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, amma a lokacin ni ce kan gaba wajen yarda. Ina da wani littafi da nake tara manyan kalmomin Baba Akawu a ciki, su na haddace na je na juye wa masu jarrabawa har sau biyu, da suka kayar da ni kuma na ce ƙabilanci ne.

Ni nake buga wasiƙun a kwamfuta, don ina aiki a wani shagon buga takardu da yin kwafi kusa da kasuwa. Na buga ta farko da alfahari, aka kai, shiru. Bayan mako uku Baba Akawu ya ce laifinsa ne, ya yi musu sauƙi da yawa, ya rubuto ta biyu wadda sai da na buɗe ƙamus sau goma sha wani abu kafin in tabbatar ban ɓata masa kalma ba. Ita ma shiru. Ina cikin buga ta uku ne mai shagon ta tsaya a bayana tana karantawa ta saman kaina.

Mai shagon nan dattijuwa ce Kirista daga kudancin Kaduna, Madam muke ce mata. Ta daɗe tana aikin sakatariya a wani babban ofis kafin ta buɗe shagonta, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta ja kujera, ta karɓi rubutun hannun, ta karanta shafi na ɗaya, wanda duk yabon kamfani ne da shugabanninsa da irin alherin da suka kawo wa ƙasa. Ta karanta na biyu, tarihin zuwan Hausawa Agege. Ta karanta na uku, inda a can ƙasa aka ce, in ba zai zama kutse cikin tarin hidimomin mai girma ba, ana fatan ya yi duba da idon rahama ga wani al'amari da ya jiɓanci zirga-zirgar al'umma. Ta ajiye takardar ta dube ni.

Ta ce, "'Yata, mutanen nan me suke so?"

Na ce ai ga shi nan a rubuce. Ta ce in nuna mata da yatsa. Na bi layi-layi ina nema, kunya na kama ni, don babu lambatu a ciki, babu katako, babu gada, balle Hajiya. Na fara kare Baba Akawu, na ce ai manya sun san irin wannan Turancin, su ba sai an yi musu gwari-gwari ba. Madam ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce ita ce take buɗe wa manyan wasiƙu shekara da shekaru, kuma babu ogan da ta taɓa gani ya kai shafi na biyu. Takardu tuli ake ajiye masa da safe, ya duba layi uku na sama, in ya ga abin da ake nema ya rubuta wanda zai yi aikin, in bai gani ba ya tura gefe. Sai ta ce in manta da takarda, in faɗa mata da Hausa abin da ke damunmu, kamar ina gaya wa ƙawata. Na faɗa mata, ko minti ɗaya ban yi ba. Ta ce to in juya wannan ɗin zuwa Turanci yadda na faɗe shi, kada in ƙara masa ko gishiri.

Na buga. Layi biyar ya fito, duk da kalmomin da na sani tun ina aji huɗu. Da na dube shi a tsakiyar farar takarda sai na ji kamar na fita titi ba mayafi. Madam ta gyara mini wuri biyu, ta ce saura abu ɗaya, in je in auno faɗin bakin lungun, don mai aikin gini lamba yake ji. Da yamma na ɗauki tef ɗin ɗinkin mahaifiyata na auna, yara na bina suna tambaya ko riga zan ɗinka wa lambatu.

Kuskuren da na yi shi ne na kai wa babana takardun biyu tare, kuma na kai masa a ƙofar masallaci, don zumuɗi ya hana ni jira ya shigo gida. Ya karanta tawa, ya gane ta tas a karatu ɗaya, abin da ya kashe ta ke nan. Wani dattijo ya karɓa ya juya bayanta yana neman sauran. Wani ya ce wannan ai irin takardar da ake ba yaro ce ya kai wa mai shago. Aka yi dariya. Baba Akawu bai yi dariya ba. Ya karanta a hankali, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce yarinya ta yi ƙoƙari, amma rubuta wa hukuma ba wasan yara ba ne, in aka kai wannan za a ce Hausawan Agege ba su da mai ilimi ko ɗaya. Da muka shiga gida babana ya yi mini faɗan da ya daɗe bai yi mini irinsa ba. Ya ce na tsinka shi a gaban mutane, na nuna wa sa'an ubansa yatsa, kuma kada ya sake jin maganar. Aka kai wasiƙa ta uku. Ba sai na gaya muku amsar da ta samu ba.

Ni ke kwana ɗakin Hajiya, don haka ni na fara jin warin mikin. Mai kemis ya ja babana gefe ya ce abin ya fi ƙarfinsa, yatsan ya fara baƙi. Aka sake roƙonta, ta juya fuska bango. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafar mai lafiya, ta tambaye ni ko gaskiya ne na rubuta takarda an yi mini dariya. Na ce gaskiya ne. Ta ce me na rubuta. Na fassara mata. Sai ta ce, "To ai abin da ke akwai ke nan. Su sauran me suke ta faɗa har shafi uku?" Kuka ya taso mini, kuma haushi ya fi tausayi yawa a cikinsa. Haushin dattawa nake ji, da na babana, da na kaina da na ninke takarda na sa a jaka don an yi mini dariya.

Sai ga labari ya zo cewa kamfani ya gama, ƙarshen wata za su kwashe kayansu. Masu okada, wato 'yan acaɓa, sun ga an fara loda injuna a kan tirela. Nan fa hankalin kowa ya tashi, don in suka tafi, katakon nan biyu sun zama namu har illa ma sha Allahu. Dattawa suka yanke shawarar su je da ƙafarsu yadin kamfanin su ga injiniya, mutum biyar, Baba Akawu ne mai magana. Babana ya ce in yi kwafin wasiƙun nan uku in same su a can da safe in miƙa, in koma shago. Na yi kwafin. Tawa ma na sa ta a ƙasan fayil ɗin, ban gaya wa kowa ba, ni kaina ban san me zan yi da ita ba.

Yadin fili ne mai laka, cike da tarin tsakuwa da rodi, ofishin kuwa kwantena ce aka yanka mata taga. Mun fi awa ɗaya a tsaye a rana, dattawa cikin manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Da na miƙa fayil ban tafi ba, na maƙale a baya, babana ya harare ni na yi kamar ban gani ba. Can aka ce mu shiga. Injiniyan ba babba ba ne sosai, da hular kwano a kansa, waya biyu a hannu, bai ma zauna ba. Ya gaishe da dattawa da ladabi, ya ce minti biyar gare shi, ana jiransa a wani wurin aiki.

Baba Akawu ya gyara tabarau ya fara karanta wasiƙa ta uku. Muryarsa na da daɗi, wannan ko maƙiyinsa ya sani, kalmomin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana sauke buhuna daga mota. Dattawa suka sunkuyar da kai don girmamawa. Ni kuwa da nake baya, idona ya faɗa kan allon sanarwa da ke jikin kwantenar, inda suke manna jadawalin aiki da hotunan titi. A tsakiyar allon na ga takardar da na sani. Ni na buga ta, na gane ta tun daga nesa. Shafin farko ne na wasiƙarmu ta biyu, an manna shi da kyau, har an ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda aka yabi kamfani.

Ban gama fahimtar abin da nake gani ba sai wayar injiniya ta yi ƙara. Ya duba, ya duba agogo, ya ɗaga hannu ya tsayar da karatun.

Ya ce, "Baba, abeg, wetin una want?" Wato dai, me kuke so.

Baba Akawu ya yi gyaran murya ya koma kan maganar idon rahama da zirga-zirgar al'umma, ya ƙara mata wasu kalmomin da suka fi na takardar nauyi. Injiniya ya saurara, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tuna wani abu. Ya nuna allon ya ce ashe mu ne masu aiko da wasiƙun nan, sun gode ƙwarai, ba kowace unguwa ce take tunawa ta yaba wa ma'aikata ba, har babban ogansu an nuna wa ya ji daɗi. Ya fara miƙa wa dattawa hannu ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa wajen ƙofa.

Babana ya gane, na ga wuyansa ya yi tauri. Baba Akawu ma ya gane. Ya juya ya dubi allon, ya sauke takardar hannunsa. Wata uku muna jiran amsa, ashe su a wurinsu godiya muke ta aikowa. Na ji tausayin tsohon nan har cikin ƙashina, amma injiniya ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje, ni kuma warin ɗakin Hajiya ne a hancina.

Ban san lokacin da na ratsa tsakanin manyan riguna ba. Na ce masa da Turanci, oga, don Allah minti ɗaya, ba godiya muka zo yi ba. Na fizge fayil daga hannun babana, na zaro ta ƙasan, na karanta. Harshena na Bahaushiya bai ɓuya ba, wanda a makaranta ake kwaikwayona da shi, amma ban tsaya ba. Abin da takardar ta ce, in na mayar da shi Hausa, shi ne:

"Mu ne mazauna lungun da ke tsakanin shagon fenti da tashar danfo, gida goma sha ɗaya. Lambatun da kuka gina ya datse hanyarmu, kuma ba mu da wata. Mota ba ta shiga, marar lafiya ba ya fita. Akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa da ta yi mako shida ba ta je asibiti ba. Muna roƙo ku ɗora mana murfin kankare a bakin lungun kafin ku tashi."

Na sauke takardar. Ban yarda na dubi babana ba. Injiniya ya dawo da ƙafarsa ciki, ya karɓi takardar ya karanta da kansa, ya tambaye ni faɗin wurin. Na ce ƙafa goma sha ɗaya, ni na auna. Ya dube ni da kyau a karo na farko. Ya jawo wata babbar taswira ya shimfiɗa a tebur, ya bi titin da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce a zanen da aka ba su babu hanya a wurin, bango ne a miƙe, shi ya sa aka wuce, kuma ba shi da ikon ɗora komai a inda takarda ba ta nuna hanya ba sai da hujja. Ni kuwa iyakar abin da na tanada ke nan.

A nan ne Baba Akawu ya motsa. Ya buɗe tsohuwar jakarsa ta fata da ba ya rabuwa da ita, ya lalubo wata takarda da ta yi ja don tsufa, an lilliƙe ta ta baya. Taswirar unguwarmu ce ta tun zamanin iyayensa, ashe shekara da shekaru tana wurinsa. Ya shimfiɗa ta a kan ta injiniya, ya ɗora yatsa, ya yi magana da Turancin da ban taɓa jin ya yi ba.

Ya ce, "Ga hanyar nan. Ta girme ni. Ta nan aka fitar da gawar mahaifina."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma shi ya gama aikin. Injiniya ya ɗauki hoton taswirar da wayarsa, ya fita waje ya yi magana da wani na ɗan lokaci, ya dawo ya ce akwai murafen da suka rage daga can ƙarshen titin, da ma tunanin inda za su kai su suke yi. Ya ce mu hau motarsa mu nuna masa wurin. Da ya ga katakon nan biyu, ya ga wata mata tana tsallakawa da goyo da bokiti a ka, sai ya cire hular kwanonsa ya sosa kai, ya ce me ya sa ba wanda ya gaya musu tun tuni.

Da ya tafi, dattawa suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a baya ina jiran hukuncina, don na san na yi abin da ba a yi: na katse manya, na fizge abu a hannun mahaifina a gaban baƙo. Babana ya tsaya sai da kowa ya shige, ya juyo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in wuce in gaya wa Hajiya, ni ya kamata ta ji daga bakina. Ban taɓa jin daɗin wata magana tasa kamar wannan ba, da gudu na tsallaka katakon har mayafina na faɗuwa.

Da La'asar na je har gida na durƙusa na ba Baba Akawu haƙuri. Ya ce in tashi, ba ni da laifi. Ya ce shekara talatin yana rubuta wa Turawa da manyan ma'aikata takarda a haka, haka aka koya masa, kuma bai taɓa tambayar kansa ko ana karantawa ba. Daga ranar, duk takardar da zai rubuta wa lungu sai ya kawo shago da kansa, ya zauna kusa da ni, in karanta masa, ya ce in yanke duk abin da Hajiya ba za ta gane ba in an fassara mata. Yakan yi gardama a kan wata kalmar da yake ƙauna, wani lokaci in bar masa ita.

Kwana huɗu bayan zuwanmu yadi, mota mai ƙugiya ta zo da safe ta sauke murafe a bakin lungunmu. Duk wanda ke gida ya fito. Da aka ɗora na ƙarshe mata suka rangaɗa guɗa, masu danfo suka yi ta danna ham ba su ma san dalili ba, mai shayin bakin titi ya ce ranar kowa ya sha kyauta. Kafin ƙura ta lafa yayana ya shigo da keke har ƙofar gida. Hajiya ta sa aka ɗauko mata leshinta na zuwa biki, ta ɗaura ɗankwali, ta dafa kafaɗata ta shiga da kanta. Da muka hau kan kankaren ta ce wa mai keke ya tafi a hankali, ta ɗaga hannu tana amsa gaisuwar mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya. Ina gefenta, kaina ya yi girma har ina jin keken ya yi mana kaɗan.

A asibiti likita ya buɗe ƙafar ya yi mana faɗa sosai. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, sai an cire, kuma da mun ƙara ko mako biyu, daga gwiwa za a yi maganar. Aka cire yatsan, ƙafar ta tsira. Hajiya ta ƙara shekara shida a duniya tana takawa da sandarta har bakin titi, ta zauna a kan benci tana yi wa masu tuwon yanzu gyara.

Abin da na koya a wannan al'amari ya bi ni har yau da nake da shagona, nake buga wa mutane takardu. Duk wanda ya zo mini da shafi uku, nakan ajiye su in ce ya fara gaya mini da bakinsa me yake so. Turanci ba ado ba ne, ba kuma gwajin ilimi ba ne, magana ce kamar Hausa da Yarbanci, amfaninta wanda ka yi wa ita ya gane ka. Mun yi wata uku muna tsoron kada a ce ba mu iya ba, muka ɓoye buƙatarmu har mai taimakonmu ya kasa ganinta. Mun samu hanyarmu a minti ɗaya ranar da muka faɗi abin da ke akwai, amma yatsan Hajiya bai dawo ba.